Wa Ke Riƙe da Igiyar?

Litinin, 6 ga Fabrairu 2006, 7.40 na safe, a jirgin komawa Manchester

Na sayi wannan littafin a tashar jirgin ƙasa ta New Street, a garin da Baba yake kwance a asibiti, don in riƙa rubuta sunayen magungunan Baba, sai ga shi ina rubuta wani abu daban. Jiya likita ya ɗaga bargo, ya zaro alƙalami daga aljihu, ya ja layi a ƙafar Baba ta hagu, ɗan ƙasa da gwiwa. Ya ce ciwon suga ya gama da abin da ke ƙasan layin. In an yi aikin yanzu, a nan za a tsaya. In an jira, layin zai hau sama. In an ƙara jira kuma, ba maganar ƙafa za a yi ba. Ya ajiye takarda a kan durowa, ya ce sa hannun Baba kawai ake jira.

Baba ya duba layin yadda yake duba cinyar sa in an kawo masa shago. Shekara talatin da ɗaya yana sayar da nama a Stratford Road, kafin nan kuma a mayankar Kumasi ya tashi. Yana jin Turanci sarai, amma in ransa ya ɓaci sai ya manta da shi. Ya ce da ni, "Uwata, gaya masa hannunsa ya karkace." Ban fassara ba. Ya ce, "Kuma gaya masa ba zan sa hannu ba." Wannan na fassara.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Mubarika, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Ni 'yar mahauci ce, tun ina ƙarama nake jin kalmar abin da za a yi wa ƙafar nan sau ɗari a rana a shago. Yau na kasa rubuta ta.

Talata, 7 ga wata, 3.15 na yamma, hutun aiki

Rahman ya bugo. Ƙanena ne, tasi yake tuƙawa a Sparkhill, kuma tun yana yaro ba a taɓa samun matsalar da bai zo mata da dabara ba, ko da dabarar ta fi matsalar muni. Ya ce, "Yaya, na samo magani. Motivation yake buƙata, abin da zai ba shi ƙarfin gwiwa." Ya sayi ɗan akwatin DVD mai batir, ya haɗa da wani fim na Amurka, tarihin wani mai hawan bijimi. Wai labarin gaske ne. Sa ya karya mutumin, likitoci suka ce ba zai sake tafiya ba, ya tashi, har ya koma ya sake hawa.

Na ce Baba bai taɓa zama ya kalli fim har ƙarshe ba a rayuwarsa. Ya ce ai wannan da shanu a ciki.

Laraba, 8 ga wata, 6.00 na yamma

Bai sa hannu ba.

Asabar, 11 ga wata, 5.20 na yamma, ɗakin jira na asibiti

To, Rahman ya ci rabin gari. Baba ya kalli fim ɗin sau huɗu tun Laraba. Yau na kalla tare da shi, akwatin a kan cikinsa, ni a gefen gado.

Yaro ne ɗan manoma, dogo, da malafa, yana murmushi kamar bai san ana mutuwa ba. Ana sa bijimi a wani ɗan keji, ya hau bayansa, ya naɗa igiya a hannu ɗaya, a buɗe ƙyaure. Sa ya yi ta tsalle yana juyi, shi kuma ya yi ƙoƙarin zama na 'yan daƙiƙoƙi. Shi ke nan sana'ar. A tsakiyar fim wani baƙin sa ya ka da shi ya taka masa ƙugu. Aka nuna asibiti, aka nuna uwarsa tana kuka, aka saki kiɗa, sai ga shi yana takawa da sanda. A ƙarshe ya sake hawa baƙin san, jama'a suka miƙe tsaye. Sannan aka nuna ainihin mutumin, ya tsufa, yana ɗingishi a bakin shinge.

Rahman yana ta leƙen fuskar Baba yana jiran hawaye. Abin da Baba ya ce shi ne, "Wannan san namansa zai yi tauri. Sai dai a niƙa."

Can kuma ya ce, "A baya suke hawa? To ina ƙahon?"

Dole in rubuta wannan saboda Hikma, 'yata, in ta girma ta karanta, don a Manchester ba wanda zai gaya mata. Kakanta ɗan hawan ƙaho ne. Ran jajibirin Sallah mahautan Kumasi sukan fito da sa mafi faɗa, a ɗaure shi da igiyoyi, masu kalangu suna kiɗa, saurayi ya tunkare shi ta gaba, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuyansa, sa yana wujijjiga shi. Baba ya yi shekara tara yana yi. Akwai tabo a cikinsa, daga cibiya zuwa haƙarƙari, da muna yara mukan roƙe shi ya nuna mana. Marigayiya Mma takan ce tabon wauta ne. Shi kuma ya ce ai tabon ta gani ta aure shi.

Takardar tana nan a kan durowa. Ya ɗora kofin shayi a kanta, har ya bar zobe.

Lahadi, 12 ga wata, 2.00 na rana

Yanzu duk ɗakin marasa lafiyan nan ba wanda ba shi da ra'ayi a kan fim ɗin.

Gwaggo Ayishetu, ƙanwar Baba, ta zo da tuwo a kula duk da an hana. Ta kalli rabi ta yi tsaki. Ta ce, "Ni uwarsa nake tausayi. Ka haifi ɗa, ka yaye shi, ka sa shi makaranta, ya je ya miƙa wa saniya ƙugunsa. Da ɗana ne, ni zan karya shi kafin sa ya karya shi." Tana magana tana kallon yayanta, shi kuma yana kallon silin.

Tomas, tsohon da ke gadon kusa, ɗan Poland ne, shi aka riga aka yi wa nasa aikin a ƙafa biyu. Ba ya jin Hausa, Baba kuma ya ƙi yi masa Turanci, amma sun zama abokai. Shi kiɗan yake so. Duk lokacin da aka zo wurin da yaron ya fara takawa sai ya share ido da hannun riga, Baba ya miƙa masa tishu ba tare da ya juyo ba.

Rhoda, nas ɗin safe, 'yar Jos ce, Hausarta ta fi tawa. Ta ce, "Baba, ka ga wannan yaron? Ya ji maganar likita shi ya sa ya tashi." Baba ya ce, "Likita ya ce ba zai tashi ba, ya tashi. Ina jin maganar a nan?" Rhoda ta yi dariya har ta dafa gado. Amma da ta raka ni bakin lif ba ta dariya. Ta ce, "Sister, warin ya fara canzawa. Ke ma kin ji."

Na ji. Shi ma ya ji, hancinsa ya fi na kowa sanin nama.

Talata, 14 ga wata, 6.45 na yamma, gida

Matakala talatin da huɗu daga ƙofar gida zuwa flat ɗinmu. Shekara shida muna nan Whalley Range ban taɓa ƙirgawa ba. Yau na ƙirga da kayan cefane a hannu. Ban san me ya sa ba.

Abdul-Rashid ya dawo daga tuƙin bas, ya ci abinci, ya tambayi jikin Baba. A shekara goma sha ɗaya da aurenmu mijina bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban Baba ba. In sun haɗu sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko a bakin titin Stratford Road ne, Turawa suna ratse shi suna waiwaye. Baba kuma bai taɓa faɗin sunansa ba, sai dai "direban nan naku". Suna ƙaunar juna, na sani, amma daga nesa, kowa idonsa a ƙasa.

Abdul-Rashid ya ce, "In an yi aikin, ina zai zauna?" Na ce ba a kai nan ba tukuna. Na tashi na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Laraba, 15 ga wata, 8.05 na safe

Talatin da huɗu. Na Baba a saman shago goma sha tara ne, masu tsayi, ba abin riƙewa.

Alhamis, 16 ga wata, 3.15 na yamma, hutun aiki

Mutum shida na yi wa wanka yau. Shekara takwas ina aiki a gidan tsofaffin nan, hannuna ya san aikin ko da kaina yana wani wuri. Ka ɗumama tawul, ka rufe inda ba ka wankewa, ka yi ta hira don kada mutum ya ji kunya. Tsohon ɗaki na bakwai ya sake kirana da sunan 'yarsa, na amsa kamar kullum.

Da nakan ba 'yan'uwa labarinsa a gidan Baba ran Sallah, ina kwaikwayon muryarsa, yadda yake ɓoye biskit a cikin safa. Kowa ya yi ta dariya. Baba ya fi kowa dariya, har da tari.

Uban wani ba wuya. Abin da zan iya rubutawa ke nan yau.

Asabar, 18 ga wata, 4.30 na yamma, asibiti

Rahman ya shiga intanet ya bugo ra'ayoyin waɗanda suka kalli fim ɗin, shafi tara, wai don Baba ya ga yadda ya canza rayuwar mutane. Kowa yana ba da taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Aka sa ni fassara.

Wata mata ta ce ta kalla sau goma sha ɗaya tun da ɗanta ya rasu, tauraro biyar. Baba ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Wani ya ce ɗan wasan bai iya zama a kan sa ba, da gani bai taɓa taka kashin shanu ba. Baba ya ce, "Wannan ya san abin da yake faɗa. Ɗan ina ne?" Wani ya ce zaluntar dabbobi ne, ya kamata a hana, tauraro ɗaya. Baba ya tambaya ko mutumin yana cin nama. Na ce bai faɗa ba. Ya ce yana ci. Wata ta ce mijinta ya yi kuka a gabanta karo na farko, shi ya sa ta sayi kwafi uku. Wani kuma duk abin da ya rubuta shi ne malafar ba irin ta wancan zamanin ba ce.

Baba ya saurara har ƙarshe, ido a rufe. Ya ce, "Saura?" Na ce sun ƙare. Ya ce, "Mutum nawa ke nan?" Rahman ya ce arba'in da ɗaya. Baba ya ce, "Arba'in da ɗaya, ba wanda ya gani." Muka ce me? Ya juya wa bango fuska.

Likita ya zo da yamma. Ya sake zaro alƙalamin. Sabon layin ya fi na farko da yatsa biyu.

Lahadi, 19 ga wata, 1.10 na rana, tashar bas a Sparkbrook

Na yi faɗa da Rahman a wajen ajiye motoci, wai a kan fim. Ya ce shi tauraro biyar zai ba shi. Na ce fim ɗin ƙarya ne. Mutum ya yi shekara biyu a kwance, sun nuna shi cikin minti ɗaya da kiɗa. Wa ya juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo? Wa ya ɗauke fo? Wa ya wanke shi? Rahman ya ce, "Haba Yaya, wa zai biya kuɗi ya kalli wannan?" Na ce ba kowa, shi ya sa ku maza kuke son fim ɗin. Muryata ta hau har wani mai gadi ya leƙo.

Ya tsaya yana kallona da makullin mota a hannu. Ya ce, "Ɗaki ɗaya nake da shi, Yaya, mu huɗu muke raba banɗaki. Kin sani." Na ce ni ban tambaye ka komai ba. Ya ce, "Na sani. Ba wanda ke tambayar kowa komai."

Yaron nan da na goya. Na bar shi a tsaye na tafi, ban ko karɓi tayin kai ni tasha ba. Ina jin kunyar kaina.

Talata, 21 ga wata, 7.00 na safe

Zazzaɓi. Rhoda ta ce ya sauka da asuba. Ya ƙi shayi, ya nemi akwatinsa.

Laraba, 22 ga wata, 5.50 na yamma, a jirgi

Na roƙi canjin lokacin aiki na tafi. Zan rubuta komai yadda ya faru kafin in fara gyara shi a kaina.

Na same shi ya rame, leɓensa ya bushe, amma idonsa garau. Tomas yana barci. Baba ya ce, "Uwata, kina da biro? Su arba'in da ɗaya sun faɗi nasu. Rubuta nawa, Rahman ya sa musu a kwamfutar." Na buɗe bayan littafin nan. Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba.

"Ni Musah mahauci, Sparkbrook. Na kalli fim ɗinku sau goma sha huɗu. San farko mai kyau ne. Na ƙarshen kun canza shi a tsakiya kuna zaton ba mai lura, tsagar kunnensa ta koma ɗaya gefen. Yaron ba rago ba ne, wannan na ba shi.

"Amma a wurinmu sa igiya biyu gare shi, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafar baya. Mai hawa ba sa yake kallo ba kafin ya tafi, masu igiya yake kallo. Na gaba ya ce na riƙe. Na baya ya ce na riƙe. Da baki za su faɗa. In ba su faɗa ba, ko kalangu zai fashe ba ka tafiya, kuma ba mai kiranka matsoraci. Hawan ba wuya, ko wawa zai hau. Saukar ce aiki. Lokacin hannunka ya mutu, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba, ranka yana hannun na baya. Ba ya saki sai ka yi nisa.

"Shekara takwas Habu ne a igiyar bayana, ko ƙwarzane ban samu ba. Shekara ta tara ya tafi Tamale jana'iza, wani ya karɓa. Na dube shi, ya gyaɗa kai kawai. Na ji nauyin jama'a, na tafi. Shi ne tabon cikina.

"Kun nuna yaron ya faɗi, kun nuna ya tashi. Wanda ya riƙe shi a tsakani ba ku nuna ba, ko sunansa ba ku faɗa ba. Tauraro biyu. Ɗaya na san farko, ɗaya na wannan mutumin."

Na gama rubutawa ban ɗago ba. Ina ta gyara wasali da ba ya buƙatar gyara.

Can ya ce, "Tsohon nan na wurin aikinku, mai biskit a safa. 'Yar tasa tana zuwa?" Na ce da Kirsimeti. Ya ce, "To." Ya ce in gyara masa filo.

Sati biyu da rabi muna lallashinsa kada ya ji tsoron wuƙa. Mahauci. Kullum ina zuwa da ayaba da sabulu da fassara, ina gyaɗa kai. Ya ba ni hanya har sau biyu yau, na tashi na ce zan makara jirgi. Ina son Baba fiye da yadda zan iya faɗa, kuma ina tsoron ranar da zan ɗaga masa riga. Duka biyun gaskiya ne.

Alhamis, 23 ga wata, 6.30 na yamma, gida

Na karanta wa Abdul-Rashid ra'ayin Baba a kicin. Na yi niyyar in karanta shi da muryar wasa, muryar ta ƙi. Da na gama na gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba. Na ce girki, magani, wankin rauni, tashin dare, duk zan iya. Amma ni 'yarsa ce, sunan uwarsa gare ni. In na yi masa wanka zai rayu, amma ba zai sake haɗa ido da ni ba.

Ya miƙe. Ya sa takalmi ya sauka. Na ji ƙafarsa har ƙasa, talatin da huɗu, ban ji ƙarar ƙofar waje ba.

Juma'a, 24 ga wata, 4.40 na yamma

Ashe wurin mai gidan hayarmu Abdul-Rashid ya je, a ƙasa yake zaune. Flat ɗin baya na ƙasa zai zama ba kowa a ƙarshen Maris. Ya fi namu ƙanƙanta, bangon kicin yana jiƙewa, tagar tana kallon kwandunan shara. Ba matakala ko ɗaya. Ya ce ya kuma kira council, hukumar gari, a kan abin riƙewa na banɗaki, sun ce za su turo fom.

Bayan ya dawo daga masallaci ya tsaya a tsakiyar falo ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Koya mini." Na ce me? Ya ce, "Yadda ake ɗaga mutum. Da wankan."

Na ce, "Kai? Kai da ba ka iya shan ruwa a gabansa?" Ya ce, "Ai ba ci zan yi ba."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma wani abu, ya jira ni na gama. Sannan na hau kujera na zama Baba. Na nuna masa inda zai sa gwiwa, inda zai sa hannu, yadda za a ƙirga uku a tashi tare. Sau biyu ya kusa ka da ni. Na nuna masa tawul biyu, ɗaya a rufe ɗaya a wanke, da yadda ake hira ana kallon bango. Ya ce wace hira zai yi da Baba? Na ce shanu. Hikma ta shigo daga makaranta ta same mu haka, ta ce da Turancinta na Manchester wai mun haukace, ta wuce ta buɗe firij.

Na kira Rahman na ba shi haƙuri. Ya ce ranakun asibiti nasa ne, motarsa ce za ta riƙa kai Baba ko daga Manchester ne. Ya ce ya sa ra'ayin Baba a intanet, har wani ya amsa yana tambaya wace tsagar kunne.

Asabar, 25 ga wata, 3.30 na yamma, asibiti

Mun shiga tare. Abdul-Rashid ya tuɓe takalmi a bakin labule ya durƙusa kamar kullum, kansa a ƙasa. Gwaggo tana kan kujera, Rahman a tsaye. Akwatin yana kan cikin Baba, a kashe.

Na shirya jawabi a mota, flat, council, komai. Da na tsaya a gabansa duk ya gudu. Na ɗauke kofin shayin daga kan takardar, na riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu. Na ce, "Baba, na riƙe."

Ya daɗe yana kallona. Bai yi murmushi ba. Kallon da yake yi wa sikeli ne in yana so ya tabbatar. Ya ce, "Igiya biyu ce, Uwata. Akwai abin da ba zan bari ki yi ba, kin sani. Wa ke ta baya?"

Daga can ƙasa, wajen labule, Abdul-Rashid ya ce, "Ni ne, Baba." A hankali ya faɗa. Baba ya ce bai ji ba. Mijina ya ɗago kai, karo na farko a shekara goma sha ɗaya ya dubi surukinsa ido cikin ido, ya ce, "Na riƙe, Baba."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Tomas bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya miƙo wa Baba tishu ta tsakanin labule.

Baba ya ce, "Abdul-Rashid, matso da teburin nan." Ya faɗi sunan kamar ya saba. Ya sa hannu da ajami, a hankali, a gefen zoben shayin. Sannan ya ce a kira masa likita, yana so ya nuna masa inda gaɓa take don kada ya lalata wuƙarsa.

Litinin, 27 ga wata, 2.15 na rana

Sun shiga da shi ƙarfe tara, sun fito da shi sha biyu da rabi. A layi na biyu suka tsaya, gwiwar tana nan. Bargon ya kwanta a inda da yake tashi. Na kalla, ban kau da kai ba.

An yanke ƙafar Baba. Ga shi na rubuta.

Rahman ya karɓi abin da aka cire a naɗe cikin farin ƙyalle, za su kai maƙabarta da liman gobe, haka Baba ya ce a yi. Ni ina dama da gadon, Abdul-Rashid yana hagu, yau a kan kujera, don Rhoda ta ce in ya sake durƙusa mata a hanya za ta taka shi.

Wajen ƙarfe biyu Baba ya buɗe ido. Ya dubi silin, ya dube ni, ya juya ya nemi ɗayan. Leɓensa yana motsi, na sunkuya. Ya ce, "Na sauka?"

Na ce, "Ka sauka, Baba."

Ya lalubo hannuna, ya lalubo na Abdul-Rashid. Tafinsa har yanzu da kanta irin ta mai riƙe wuƙa. Ya ce, "Kada ku saki tukuna. Ban yi nisa ba."

Ya koma barci. Da hannun hagu nake rubuta wannan, shi ya sa rubutun ya karkace.